Me Kuka Zo Nema a Kan Dutse?

Bayan an gama gaisuwa, an shimfiɗa mana tabarma a ƙofar zaure, an kuma kawo mana kindirmo a cikin ƙwarya, sai dattijon da ke riƙe da ƙauyen ya gyara zama ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi mana tambayar da ta biyo ni har gida: "To, Malam, me kuka zo nema?" Mu uku ne, dukanmu ma'aikata daga Kano, kuma babu wanda ya tanadi amsa a cikinmu, domin a zatonmu jakunkunan da muka goyo da takalman da ke ƙafafunmu sun isa su faɗi abin da ya kawo mu. Babbanmu, wanda muke kira Yaya, shi ne ya yi ta maza ya ce, "Baba, shan iska muka zo yi." Dattijon ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya juya wa mutanen da ke zaune maganar da Fulatanci, wuri ya kaure da dariya. Da dariyar ta lafa sai ya ce in dai iska ce to mun zo gidanta, domin a can cikin gandun daji akwai ma tsaunin da ake kira Chappal Hendu, wato tsaunin iska, kuma ba a taɓa karɓar ko sisi a hannun wanda ya sha ba.

Ƙauyen nan yana gefen Tsaunin Mambila ne a jihar Taraba, tafiyar 'yan sa'o'i da ƙafa daga Njawai, dab da bakin kudu na Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti. Wannan gandu shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. An kafa shi a 1991 ta hanyar haɗe gandun Gashaka da na Gumti, a shekarar da aka cire jihar Taraba daga tsohuwar Gongola. A cikinsa, kan iyakar Kamaru, akwai Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, mai tsayin mita 2,419, kuma duk ƙasar nan babu tsaunin da ya kai shi. Shi muka nufa. Ni kuwa, kafin wannan tafiya, babban hawan da na taɓa yi a rayuwata shi ne Dutsen Dala, shi ma tun ina makarantar sakandare. Na shafe shekara ashirin a kan kujerar ofis har likita ya fara yi mini faɗa a kan hawan jini, saboda haka da Yaya ya kawo shawarar mu kashe hutun ƙarshen shekara a can, sai na amsa kafin in san abin da nake amsawa.

Hanya ita ce rabin wahalar. Daga Jalingo muka bi ta Garba Chede da Bali, muka isa Serti da yamma liƙis, jiki duk ya yi tsami saboda ramuka. A Serti hedkwatar gandun take, kuma a nan ne baƙo ke yin rajista, ya biya kuɗin shiga, a haɗa shi da mai gadin daji, domin ba a barin kowa ya kutsa shi kaɗai. Serti gari ne na kwari, akwai zafi da sauro kamar ko'ina a bakin kogunan Taraba, har na fara tunanin ko rigunan sanyin da aka ce mu taho da su ba asarar wuri suka yi mana a jaka ba. Washegari, bayan mun wuce Mayo Selbe, mota ta kama hawa. Titin yana nannaɗe da jikin tsauni kamar rawani, hannun hagu bango, hannun dama rami mai zurfin da ido ba ya son leƙawa, kuma direbanmu bai daina salati ba sai da muka fito sarari. Kunnuwana suka toshe, suka buɗe, suka sake toshewa. Da muka tsaya a Maisamari muka fito daga mota, sai na ji wata iska ta ratsa ni wadda ban taɓa jin irinta a ƙasar Hausa ba ko a tsakiyar hunturu, domin babu ƙura a cikinta, sanyi ne tsantsa mai ƙamshin ciyawa da ganyen zaiti. Galibin Tsaunin Mambila yana kan tsayin kimanin mita 1,600, kuma daga nan har Nguroje babu abin da ido ke gani sai tuddai masu santsi suna bin juna, shanu a warwatse a kansu, da layukan bishiyar zaiti da aka shuka a matsayin shinge da itacen gini.

Daga Nguroje mota ba ta da sauran amfani, sai acaɓa. 'Yan acaɓar wannan yanki sun cancanci a yi musu rubutu na musamman, amma a taƙaice zan ce sun ɗaure jakunkunanmu da roba, sun ɗora mu a baya, sun yi ta sauka da hawa da mu a kan jar ƙasa mai zaizayewa, inda ya gagara mu sauka mu tura. A Njawai akwai ofishin masu gadin daji. Nan muka nuna takardarmu, muka ɗauki samari biyu 'yan dako, muka kama hanya da ƙafa har ƙauyen da aka yi mana waccan tambaya.

Da dare, muna zaune a bakin wuta, mai gadin dajin da ke tare da mu ya bayyana mini dalilin dariyar, kuma tun daga lokacin na daina ganin tambayar a matsayin raha kawai. Ya ce mutanen nan sun saba ganin baƙi, amma kowane baƙo da abin da ya zo ɗauka. Akwai masu sayen shanu da ke lodin tirela zuwa kudu. Akwai masu haƙar shuɗin dutsen nan mai daraja da ake kira safaya, waɗanda suka cika Mayo Sina kusa da Nguroje, suka bar ramuka a inda dā makiyaya ce. A can ƙasa kuma, wajen Bali da Serti, akwai masu saran madobiya, itacen da 'yan kasuwar yankin ke kira madrid, wanda aka yi shekaru ana jigilarsa zuwa tashar jiragen ruwa domin kai wa Sin, har ya yi ƙaranci a dazukan da ke wajen gandu, masu sara suka fara leƙen na ciki. Kafin duk waɗannan akwai Jamusawa, waɗanda suka mulki yankin a matsayin ɓangaren Kamaru har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma kangon sansaninsu yana nan a kan tudu kusa da garin Gashaka. Bayansu Ingilishi suka riƙe ƙasar, sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Nijeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar da ke da hedkwata a Gembu ke amsawa har yau. Mutumin da ya gaji irin wannan tarihi, in ka ce masa ka baro Kano, ka kashe kuɗin mota na kwana biyu, don kawai ka hau dutse ka sauko hannu rabbana, dole ya ɗauka ko dai kana ɓoye wani abu ne, ko kuwa akwai abin da ke damun kanka.

Gaskiyar magana, ko a gida irin wannan kallo aka yi mana. Bahaushe matafiyi ne na asali, ya kai Gwanja neman goro, ya taka har Makka ta Sudan, amma kullum tafiyarsa da dalili: fatauci, neman ilimi, ziyara, aikin Hajji ko cin rani. Tafiya don tafiya, wadda ba a dawowa da riba ko albarka da za a iya nunawa, ba ta da gurbi sosai a al'adarmu, shi ya sa ma kalmar yawo ba ta cika zuwa da yabo ba. Mahaifiyata da na yi mata sallama cewa ta yi, "Allah ya kiyaye, amma wa ya aike ku?"

An sauke mu a wani ɗakin jar ƙasa mai rufin kwano. Matan gidan suka aiko da tuwon masara da miyar ganye wadda man shanu ke yawo a kanta, da dafaffen gwaza, da ayaba nunar bishiya. Masara ce abincin wannan ƙasa, ba gero ko dawa ba, saboda ruwan sama yana daɗewa, yakan fara tun wajen watan Afrilu ya kai Oktoba ko fiye. Wutar lantarki babu, sai wani ɗan faifan sola a kan rufin masallaci da ake cajin waya da shi, abin da ya sa Yaya ya yi tsaki ya tuno da madatsar ruwan Mambila da aka yi ta alkawarin ginawa don samar da wutar lantarki, wadda muke jin labarinta a rediyo tun muna samari. Sanyin daren kuwa ba ya faɗuwa. Na sa riga uku da hular sanyi, na shige cikin bargon nan da ake zugewa kamar buhu, duk da haka haƙorana suna haɗuwa. Da asuba na fito alwala na tarar wani yaro ya riga ya ɗora mana ruwa a wuta ba tare da kowa ya roƙe shi ba, kuma ban san ranar da zan manta da wannan alheri ba, domin ruwan randa a wannan lokaci kamar reza yake a fata.

Mun tashi bayan sallar asuba, raɓa tana jiƙa wanduna har gwiwa. Sa'a biyun farko tafiya ce mai daɗi, ana bin hanyar shanu a gefen tuddai, a gangara kwari a tsallake ƙorama, a sake hawa. A kowane kwari akwai ɗan siririn kurmi da ke bin ruwa, duhu da sanyi a cikinsa, bishiyoyi sun yi gemu da gansakuka, tsuntsaye suna ta kuka ba a ganinsu. Mai gadin dajin ya ce in lura da waɗannan ƙoramu, domin su ne ke taruwa su zama koguna irin su Mayo Kam, su faɗa kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, saboda haka mai noman rani a can ƙasa yana shan ruwan wannan kurmi ko bai taɓa jin sunansa ba. Na sha da tafin hannuna, sanyinsa ya riƙe mini goshi.

Daga nan hawa na gaske ya fara, kuma a nan ne girman kai ya sauka. Tudun ba dutse ba ne da ake kamawa da hannu, ciyawa ce a miƙe, sai dai ba ta ƙarewa. Duk lokacin da na ga kamar ga ƙololuwa can, in na isa sai in tarar da wata a bayanta tana jira. Numfashina ya koma kamar na zugazugin maƙera. Na fara ƙirga taku, in yi hamsin in tsaya, daga baya talatin, daga baya na daina ƙirgawa saboda kunya. Takalmin da na saya da tsada a kasuwar Sabon Gari ya fara cin dunduniyata, alhali saurayin da ke ɗauke da jakata da tantinmu a ka, takalmin roba ne a ƙafarsa, yana tafe yana taunar rake, in ya yi nisa ya zauna ya jira ni. Sau ɗaya kawai ya yi magana, ya ce, "Alhaji, kada ka dubi sama, dubi ƙafarka, kuma kada ka zauna in ka tsaya." Ya saro mini sanda a bakin kurmi, ita ce ta kai ni. Muna cikin wannan hali wasu mata uku suka sauko ta gabanmu, kowace da ƙwaryar nono a ka, ɗaya ma da goyo, za su kai kasuwa a ƙauyen da muka baro su dawo kafin la'asar. Suka ce mana sannu da hanya cikin tausayi, irin yadda ake gaida majinyaci. Abin da muka yi wata uku muna shiryawa, muna atisaye a filin wasa kowace Asabar, shi ne hanyar kasuwarsu.

Mun kwana a tanti a gefen wani kurmi, muka haɗa Magariba da Isha'i a kan ciyawa, muka ƙarasa hawan da hantsi washegari. Zan faɗi gaskiya game da ƙololuwar, domin hotunan da ake sakawa a intanet ba sa faɗa. Lokacin rani ne, hazon hunturu ya rufe nesa, saboda haka tuddan Kamaru da aka nuna mana sun fito ne dishi-dishi kamar zane a kan tsohon ƙyalle. Iska tana bugawa har sai mutum ya ɗaga murya. Kuma a nan, a wuri mafi tsayi a duk Nijeriya, wanda ake fassara sunansa da tsaunin mutuwa, abin da na fara takawa shi ne busasshen kashin shanu. Na yi dariya har na zauna. Amma bayan dariyar sai wani shiru ya sauko mini, irin wanda ban taɓa samu ba, babu ƙarar janareta, babu hon, babu wayar da za ta yi ƙara, sai iska da bugun zuciyata. Yaya ya yi sujada. Mun yi kusan sa'a guda babu wanda ya ce uffan, kuma in za a sake tambayata abin da na je nema, wannan sa'a ce zan nuna, ko da yake na san ba amsa ce da za ta gamsar da dattijon ba.

Kashin shanun nan ba ƙaramar magana ba ce, shi ne ma tushen gardamar da na saurara a hanyar dawowa tsakanin mai gadin daji da wani makiyayi da muka tarar yana kiwon jajayen shanu masu dogayen ƙaho. Fulani sun hau waɗannan tsaunuka ne saboda a sama babu tsando, ƙudan da ke sa wa shanu sammore a kwari, ga ciyawa ga ruwa. Sun riga gandun zuwa, shi ya sa da aka shata iyaka aka bar wasu ƙauyuka a ciki, irin su Selbe da Filinga, aka yarda su yi noma da kiwo a keɓaɓɓun wurare. Ƙorafin mai gadin shi ne shanu sun yi yawa, wasu ma daga nesa ake koro su, kuma wutar da ake sakawa da rani don sabuwar ciyawa ta tsiro tana cin bakin kurmi kowace shekara, kurmi yana ja da baya. Makiyayin ya amsa da cewa kakansa ma yana saka wuta kuma kurmin bai ƙare ba, sa'an nan ba shi ne ya kawo injin yankan katako ba. Sun yi ta yi cikin Fulatanci da Hausa, ba da zafi ba, da alama sun saba, har suka rabu da musabaha. Ni dai na ga baƙin tabon wuta ya shiga cikin bishiyoyi da idona, don haka ba zan ce mai gadin ƙarya yake yi ba. Sai dai ina ganin gandun da ya kai wannan girma ba zai tsaru da bindigar ma'aikata kaɗai ba, in mutanen da ke kwana a bakinsa ba su ga abin da suke samu a zamansa ba. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors ta shiga haɗin gwiwa da hukumar gandun daji ta ƙasa wajen kula da wurin, kuma mai gadin namu ya ce samarin yankin da dama sun sami aikin tsaro ta wannan hanya, shi ma ɗan wani ƙauye ne a can ƙasa.

Wanda zai je don ganin namun daji ya sani cewa ba ta wannan gefe ake bi ba. Mu dai gwaggon biri muka gani, garke guda a kan wani fa, da mazo ɗaya da ya tsallake hanya kamar walƙiya, da shaho iri-iri. Ɓauna da dorina da birin nan mai kama da mutum da Turawa ke kira cimfanzi, wanda gandun ya yi suna da shi, suna can ƙasa ne wajen Gashaka da Kwano, inda masu bincike daga Landan suka kafa sansanin nazarin birai tun 2000. Wannan tafiya ce ta daban, ta Serti ake shigarta. Lokacin da ya fi dacewa da kowace daga cikinsu shi ne daga Disamba zuwa Maris, kafin ruwa ya cika koguna ya mai da hanyoyi taɓo.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kuma na iso ƙauyen ina ɗingishi, dunduniya ta yi bororo ta fashe. Wata tsohuwa ta aiko da ruwan zafi da gishiri da ɗan man shanu a murfin kwano, ta ce a gaya wa baƙon ya gasa ya shafa. A daren ne na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Da aka zo sallamar 'yan dako, sai halin kasuwa ya motsa mini, na fara neman ragi a kan kuɗin da muka riga muka yi magana, kuɗin da bai kai abin da nake kashewa a man mota na mako guda ba. Saurayin da ya saro mini sanda bai yi musu ba, ya dai sunkuyar da kai. Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Kai, yaron nan ya ɗauki kayanka kwana biyu a kan tsaunin da ka kasa ɗaukar kanka." Na biya cikakke na ƙara, amma maganar ta riga ta fita. Masaukin da abincin kuwa an ƙi karɓar ko kwabo a kansu, aka ce baƙo ba ya sayen tuwo, sai dai muka bar sukari da ganyen shayi da batiran tocila da muka taho da su, muka kuma sayi zuma da man shanu a hannun matan a farashin da suka faɗa.

Da safe muka je yin sallama. Dattijon yana zaune a inda muka fara samunsa, ya lulluɓa da bargo, yana shan hantsi. Ya dubi jakunkunanmu, waɗanda suka fi zuwanmu sauƙi, ya ce, "To, Malam, an samu abin da aka zo nema?" Na ce an samu, Baba, na ciro waya na durƙusa kusa da shi ina nuna masa hotuna. Ya wuce na ƙololuwa bai tsaya ba, ya wuce wanda muka ɗaga tutar Nijeriya muna murmushi, ya wuce na faɗuwar rana da nake alfahari da shi. Da aka zo kan wani hoto da na ɗauka a gaggauce a hanyar dawowa, sai ya riƙe hannuna, ya matso da wayar kusa da idonsa, ya sa a kira masa ɗansa. Suka yi magana da Fulatanci da sauri, ɗan ya karɓi wayar ya buɗa hoton da yatsu biyu. A can gefe, bayan kafaɗar Yaya, akwai wata jar karsana mai farin goshi tana kiwo ita kaɗai a bakin kurmi, kwananta huɗu ke nan da ɓata. Ɗan ya tambayi mai gadin daji ko wace ƙorama ce wannan, ya shiga gida ya ɗauko sanda da igiya, kuma kafin 'yan acaɓarmu su gama ɗaure kaya a Njawai, an ce mana ya riga ya haye tudun da ya ci mini rabin yini.